Bayan An Naɗe Tabarmin Makoki

Wata ƙanwata daga unguwar Gwange a Maiduguri ta aiko mini da saƙo mai tsawo. Na rage shi saboda wuri, na kuma cire duk abin da zai sa a gane gidansu. Ga abin da ta ce:

"Anti, yayanmu ya rasu wata biyar ke nan, bayan 'yar gajeriyar jinya. Shi ne ɗan farin Innarmu. Tun ranar da aka fita da shi har aka yi sadakar arba'in ba wanda ya ga hawayenta, kowa sai yabon tawakkalinta yake. Yanzu kuma ba ta barci, abinci sai an yi da gaske take kai loma biyu, kullum tana cewa ƙirjinta ya yi mata nauyi. Da an idar da sallar magariba sai ta jawo kujera ta zauna tana fuskantar zaure, don lokacin ne ya saba shigowa gaishe ta. In na ce ta yi haƙuri, sai ta ce ai ta yi. Matarsa ta fita takaba ta koma gidansu, 'ya'yansa biyu suna wurinmu, ƙaramin har yau ce masa ake Babansa ya yi tafiya. Me zan yi?"

Ƙanwata, Allah ya jiƙan yayanku, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari. Ki fara da yarda da maganar Inna. Ta yi haƙurin, har ya yi mata yawa. Daga yau ki jingine wannan kalma tukuna. Ta ji ta daga bakin ɗaruruwan mutane cikin kwana bakwai, taki ba abin da za ta ƙara.

Mu dai a makon farko ba a fi mu iya makoki ba. Kafin a dawo daga maƙabarta an kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya, kwanukan burabusko da shinkafa suna ta shigowa daga maƙwabta, ba a barin masu rashi su hura wuta. Wannan koyi ne da Manzon Allah (SAW), wanda ya sa a dafa wa iyalan Ja'afar ɗan Abu Ɗalib abinci da labarin shahadarsa a Mu'uta ya iso Madina. Sai dai a kwanakin nan mai rashi ba ya cikin hayyacinsa, amsa gaisuwa kawai yake kamar mai magana cikin barci. A yi uku, a yi bakwai, baƙin nesa su ɗaure kaya, a mayar da kujerun haya, a naɗe tabarmi, gida ya yi tsit. Ranar ce mutuwar take shigowa ɗaki ta nemi wuri ta zauna, kuma ranar ce mu 'yan gaisuwa muke ganin mun sauke nauyi. Abin da kike gani a jikin Inna a wata na biyar, makokin ne da bai samu fili ba a makon farko.

Akwai maganar da kika faɗa a jimla ɗaya kika wuce, alhali nan gizo ke saƙar: ɗan fari ne. Inna ta taso cikin tarbiyyar da uwa ba ta kama sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, wani sa'in ma kaka ko gwaggo ce ke rainonsa. Matar da ta shekara talatin ko arba'in tana ɓoye son ɗanta ba za ta fara bayyana shi a gaban surukai da maƙwabta ranar da ya mutu ba. Alkunyar da ta riƙe mata baki yana raye ita ta riƙe mata ido da ya rasu. Mutane suka ga busasshen ido suka yi ta yabo, yabon kuma ya zame mata wani takunkumin. Wadda aka gama yi wa kirarin tawakkali, da wane ido za ta fashe da kuka daga baya?

Addini kuwa bai ɗora mata wannan nauyi ba. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, har Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki, shi kuma ya nuna masa cewa hawayen tausayi ne. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi da sunan baƙin ciki suke kiranta har gobe. Annabi Yaƙubu ya yi kewar Yusufu har ganinsa ya tafi, kuma shi ne ake buga misali da kyawun haƙurinsa. Abin da aka hana sananne ne: kururuwa, da marin fuska, da keta tufa, da maganar ƙorafi ga hukuncin Ubangiji. Hawaye ba ya cikin lissafin. Amma kada ke ki je ki yi mata wannan wa'azi. Ta riga ki saninsa, kuma daga bakin 'yar cikinta ba zai shiga ba.

Abin da za ki yi shi ne ki nemo mata sa'arta. Inna ba za ta yi kuka a gabanki ba, ke 'ya ce, ita take ganin ya kamata ta rarrashe ki. Ki tuna wace ce aminiyarta ta ƙuruciya, ko yayarta, ko wata gwaggo da suke ɗasawa, musamman wadda ita ma ta taɓa binne ɗa. Ki je har gida ki same ta, ki gaya mata abin da kika gaya mini. In kuɗin keke napep ne matsala, ki biya. Ranar da ta zo, ki kai musu shayi, ki kwashe yara ku tafi maƙwabta, ki ja musu ƙofa. Wataƙila zuwan farko hirar tsadar gero kawai za su yi. Ba komai. A sake zuwa na biyu da na uku. Zumunci a ƙafa yake, kuma zuwa ɗaya a wata na biyar ya fi zuwa goma a makon farko amfani.

Sannan ku daina ɓoye sunansa a gidan. Na san abin da kuke gudu, kada a fama mata miki. To ai ba mantawa ta yi ba balle ku tuna mata. Da shi take kwana, da shi take tashi, sai kuma ta ga kowa ya yi gum kamar ba a taɓa yin mutumin ba. Ita ba za ta kama sunansa ba, amma ku ba abin da ya hana ku. Kuna cikin hira ki ce, "Allah sarki Yaya, da yana nan da ya ce gishirin miyar nan ya yi yawa." In abokansa na majalisa ko na kasuwa suna nan, a roƙe su su riƙa leƙowa gaishe ta, su ba ta labarin wani alheri da ya yi wanda ba ta sani ba. Uwa ba ta ƙoshi da irin wannan labari. In idonta ya kawo ruwa, kada ki yi saurin cewa ta bari. Ki yi shiru, ki matso kusa.

Kujerar magariba kuma kada a ɗauke ta, kada a ce mata ta shiga ɗaki saboda sauro. Ki jawo taki ki zauna gefenta, ko da ba za ku ce uffan ba. Bayan 'yan kwanaki ki fara turo jikokin a daidai wannan lokaci su durƙusa su gaishe ta. Kin san wasan kaka da jika, namijin ai maigidanta ne, sai ta tambaye shi ina cefane. Ba za su maye mata gurbin ɗanta ba, ba kuma a so a ɗora musu wannan aiki. Ana so ne dai ƙofar zauren ta riƙa shigo da wani a sa'ar da ta saba.

Nauyin ƙirjin nan ne ba na so ki yi wasa da shi. Jiki magayi ne, kuma mutanenmu da yawa ba su iya cewa "ina baƙin ciki" ba, sai su ce ƙirji, ko kai, ko jiri, ko zuciya na tsinkewa. Amma a ce damuwa ce a zauna, kuskure ne, domin damuwar kanta tana taɓa zuciya da gaske. Tun 1990 likitocin Japan suka bayyana wani rauni da ke kama tsokar zuciya bayan mummunan tashin hankali, kuma ya fi samun mata da suka manyanta. Cikin makon nan ki kai ta a auna hawan jini da suga, likita ya saurari ƙirjin. In ciwon ya taso da ƙarfi, da gumi ko sarƙewar numfashi, ba a jiran gari ya waye. Ki guji ƙwayar barci ta kemis wadda ba likita ne ya rubuta ba. Tana da saurin zama jiki, ga sa tsofaffi jiri da faɗuwa. Abinci kuwa a daina cika mata kwano, ganin tulinsa ma yana kashe sha'awa. Nana A'isha takan sa a dama wa masu rashi talbina, wani kunu na garin sha'ir. Kunun gyada mai ɗumi da ɗan zuma ko madara, kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a yini, zai yi wannan aiki. Kuma a ci tare da ita, mai baƙin ciki ba ya iya cin abinci shi kaɗai.

Yanzu ga inda zan ɗan yi muku faɗa. Ku daina ce wa yaron nan Babansa ya yi tafiya. Yaro yana ɗaukar magana yadda aka faɗe ta. Wanda ya yi tafiya yana dawowa, don haka shi ma yana nan yana gadin zaure kamar kakarsa, sai dai ita ta san gaskiya, shi bai sani ba. Wata rana a makarantar allo ko wurin wasa wani yaro zai jefa masa ita ba tausayi, ya rasa uba ya kuma rasa yarda da ku a rana ɗaya. A samu wanda ya fi saba da shi, ya ɗora shi a cinya ya gaya masa a taƙaice: Baba ya yi rashin lafiya mai tsanani, ya rasu, ba zai dawo ba, ba laifin kowa ba ne, mu muna nan tare da kai, kuma kullum za mu yi masa addu'a. Zai tambaya yau, ya koma wasa kamar bai ji ba, jibi ya sake tambaya. Haka yara suke, a ba shi amsa iri ɗaya kowane lokaci. In ya koma fitsarin kwance ko ya riƙa maƙale wa mutane, kada a doke shi.

Uwar yaran fa? Wasiƙarki ta ce ta koma gidansu, yara suna wurinku, ba ki faɗi ko da son ranta ba ne. Wata huɗu da kwana goma na takaba iyakar shari'a ce, zuciya ba ta san wannan lissafi ba. In an raba ta da 'ya'yanta don a ɗebe wa Inna kewa, an yi maganin wani ciwo da buɗe wani. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, uwa ce ta fi cancantar riƙon 'ya'yanta muddin ba ta yi wani aure ba. Ku zauna a yi maganar a fili, a kuma raba gado da wuri bayan an biya bashin mamacin, kafin shiru ya haifi zargi.

Wani abin da zan so ki bincika a hankali: shin yayanku kaɗai Inna take yi wa makoki? A garin nan sabon rashi ba ya zuwa shi kaɗai, sai ya taso da na baya. Tun rikicin Yulin 2009 da wuya ki sami gidan da bai ajiye wani abu a ƙarƙashin tabarma ba don a samu a ci gaba da rayuwa. Ke 'yar Gwange ce, ba sai na ba ki labarin asubahin 10 ga Satumban 2024 ba, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Waɗanda suka tsira da ransu an ce musu su gode Allah, kuma sun gode. Amma hotunan iyaye da suka narke, da takardun makaranta, da kayan ɗakin da aka shekara goma ana tarawa, ba wanda ya shimfiɗa musu tabarma. Haka mutanen Bama da Gwoza da Baga da Marte da suka baro gonakinsu da kaburburan kakanninsu. Kewar gari ma makoki ce, sai dai ba a zuwa gaisuwarta.

Duk da haka Inna tana da abin da dubban iyaye mata a Borno suke roƙon Allah ya ba su: ta san inda ɗanta yake kwance. Manoman shinkafa 43 da aka yi wa jana'iza a Zabarmari a ƙarshen Nuwamban 2020, duk munin abin da aka yi musu, an jera su an sallace su an binne. A 2019 ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya ta ce mutanen da aka yi rajistar ɓatansu a wurinta a Nijeriya sun kusa 22,000, fiye da rabinsu kuma yara ne a lokacin da suka ɓace. A layinku ba za a rasa irin wannan gida ba. Wata masaniya 'yar Amurka, Pauline Boss, wadda ta fara bincikenta da matan matuƙan jiragen yaƙi da suka ɓace a yaƙin Biyetnam, ta nuna cewa wannan rashi ya fi kowanne wuyar ɗauka, don ba gawa, ba ta'aziyya, ba ranar da za a fara ƙirga uku da bakwai. In kin shiga irin wannan gida, kada ki ce Allah ya jiƙansa, kada kuma ki yi rantsuwar yana nan da rai zai dawo. Ki ce Allah ya bayyana shi, ya kare shi duk inda yake. Ki tambaya ko sun kai sunansa ofishin Red Cross, cigiyar kyauta ce. Ki gaya musu akwai iyaye mata irinsu da suka haɗa kai ƙarƙashin sunan Jire Dole, da tallafin gidauniyar Hajiya Hamsatu Allamin. Jire da Barbarci gaskiya ke nan. Matar wanda ya ɓace kuma kada dangi su yanke mata hukunci a tsakar gida. A fiƙihun Malikiyya sananniyar magana ita ce a kai wa alƙali, a yi cigiya, a ɗibar mata shekara 4, sannan ta yi takaba, kuma hukuncin yana sauyawa gwargwadon yadda ya ɓace da ko ya bar mata abin ci. Ƙidayar ba daga ranar ɓatansa take farawa ba, don haka zaman jira a ɗaki ba ya rage mata komai.

Mu dawo kan Inna. Kada ki sa ran sauƙin zai zo a jere. Za ki ga ana yaɗa wani jadawali a Facebook wai baƙin ciki matakai biyar ne, a hau wannan a wuce zuwa wancan. Daga littafin Elisabeth Kübler-Ross na 1969 aka samo shi, ita kuwa da majinyatan da ke dab da mutuwa ta yi hirarta. Baƙin ciki ya fi kama da kogin Ngadda: ki bi ta kan gada da rani ki ga yashi, ki dawo bayan 'yan watanni ki tarar ya cika ya batse. Inna za ta yi mako biyu garau, sai ƙamshin wani turare, ko hular zannarsa da ke rataye a ƙusa, ko buɗa-bakin farko na azumi ya mayar da ita ranar farko. Ki riga waɗannan ranaku shiri. Jajiberin Salla da ranar da ya cika shekara kada a bar ta ita kaɗai, a kuma ba ta abin yi da sunansa, ko da dafa abincin sadaka ne da hannunta.

Akwai kuma lokacin da aikin ya fi ƙarfin gida. Tun Janairun 2022 kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sanya baƙin cikin rashi da ya ƙi sassautawa cikin abubuwan da ake yi wa magani: wanda ya haura aƙalla wata 6, ya zarce abin da al'ada da addinin mutum suka saba, ya kuma hana shi tafiyar da rayuwarsa. In kun yi duk abin da na zayyana na wata ɗaya ko biyu, amma rama na ƙaruwa, ta bar wanka da shiga mutane, ko ta fara ɗora wa kanta laifin mutuwarsa, ki kai ta Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke hanyar Baga, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Na san sunan da mutane ke kiran na hanyar Bagan da shi, na kuma san za a ce me ya yi zafi. Yawancin masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa su koma gida a ranar, rashin barci da fargaba da damuwa ne suka kai su. Addu'a da karatun Alƙur'ani su ci gaba, ba sa karo da ganin likita. In kuwa kika ji ta fara cewa gara ta bi shi, ko zamanta ba shi da amfani, kada ki ce maganar tsofaffi ce. Ki tambaye ta kai tsaye me take nufi, ki kawar da magunguna da maganin ƙwari daga ɗakinta, kada a bar ta ita kaɗai, a ga likita a ranar. Ƙannenku maza ma ki sa musu ido. Namiji an hana shi kuka tun yana goye, nasa yakan fito ta faɗa, ko daɗewa a waje, ko ƙwaya.

Saura ke. Na karanta wasiƙarki sau uku. Kin faɗi barcin Inna, da abincinta, da matar yayanku, da 'ya'yansa, ba ki ce komai a kan kanki ba, alhali ke ma yayanki ne ya mutu. Ina zaton ke ce kika yi ta zuba wa 'yan gaisuwa abinci har aka watse, daga nan kika zarce da jinyar kowa. Ranar da aminiyar Inna ta zo kika ja musu ƙofa, ki bar yaran a maƙwabta ki wuce wurin taki ƙawar. In kin sake rubuto mini, ki fara da shi: me yake kiranki, kuma me ya saba riƙo miki in ya dawo daga kasuwa?